Led Zeppelin a Earls Court, 1975: shin tef ɗin ya cancanci fitowa ɗungurungum?

A watan Mayun 1975 ƙungiyar kiɗan rok ta Led Zeppelin ta yi dare biyar tana wasa a babban zauren Earls Court da ke Landan, ranakun 17, 18, 23, 24 da 25. Kowane dare mutum kimanin 17,000 ke cika wurin, wasan kuma yakan wuce awa uku. Saboda girman zauren aka rataya ƙaton allon majigi a saman dandamali don na can baya su ga fuskokin makaɗan, kuma hoton da kyamarori ke aika wa allon an naɗe shi a tef. Cikakkun waƙoƙi shida kacal ƙungiyar ta fitar daga wannan tef a hukumance, a faifan DVD na 2003, kuma duka shidan ba su cika awa guda ba. Cikakken wasan daren 24 da na 25 kuwa ya daɗe yana yawo a hannun masoya ta bayan fage, kwafi daga kwafi, yau kuma ga shi a YouTube, ana saukewa ana sake ɗorawa. Zauren kansa an rushe shi. Shekara hamsin ke nan masoya na tambayar abin da ya hana a fitar da wasan gaba ɗaya.

Abin da ya sa wannan tef ya yi tsada a idon mutane shi ne ƙarancin irinsa. Manajan ƙungiyar, Peter Grant, ya tsani a sa yaransa a talabijin, ra'ayinsa shi ne duk mai son ganinsu ya sayi tikiti. Shi ya sa a shekara goma sha biyu da suka yi tare, daga 1968 zuwa rasuwar mai ganga John Bonham a Satumban 1980, manyan wasanninsu da ƙwararru suka ɗauka ana iya ƙirga su da yatsu: Royal Albert Hall a Janairun 1970, Madison Square Garden a Yulin 1973, Earls Court a 1975, Kingdome na birnin Seattle a Yulin 1977, sai Knebworth a Agustan 1979. Earls Court ya faɗo ne wata uku bayan fitowar kundinsu na Physical Graffiti, kuma ƙasa da wata uku kafin hatsarin motar da mawaƙinsu Robert Plant ya yi a tsibirin Rhodes na Girka. Daga nan ba su sake wasa a Birtaniya ba sai bayan shekara huɗu. Ta fuskar tarihi dai babu gardama. Amma kalmar “cancanta” ta ƙunshi tambayoyi da yawa da masoya kan cakuɗa, kuma kowace da amsarta.

Ta farko ita ce me ke kan tef ɗin. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, don suna ɗaukar duk tsohon hoto mai motsi a matsayin “fim”. Wasan 1970 fim ne na gaske mai faɗin milimita 16, na 1973 mai milimita 35. Fim hoto ne da haske ya zana a kan leda, idan aka sami nagetif ɗinsa na asali ana iya sa shi a sikana a fitar da hoto mai kyan da allon silima na zamani ke buƙata. Da haka aka gyara wasan ƙungiyar Queen na Montreal na 1981 har aka nuna shi a silima mai ƙaton allo ta IMAX a 2024, da na Pink Floyd a Pompeii da ya sake fitowa a 2025. Earls Court ba haka yake ba. Bidiyo ne na talabijin ɗin Birtaniya na wancan zamani, mai layi 625, wanda 576 daga ciki ne ke ɗauke da hoto. Abin da kyamara ba ta kama ba a wannan dare, babu shi har abada. Idan aka mai da shi dijital, kowane hoto ɗigo 720 ne a kwance da 576 a tsaye, jimla 414,720. Don a cika tsayin allon 4K, wato allon zamani mai ɗimbin ɗigo, ba tare da an yanke komai ba ana buƙatar ɗigo 2,880 sau 2,160, wato ninki 15 daidai. Ma'ana, a duk ɗigo 15 da mai kallo zai gani, 14 kwamfuta ce ta yi hasashensu. Duk wanda ya yi alkawarin “Earls Court a 4K” to zane yake sayarwa.

Akwai kuma yadda aka ɗauki hoton. Ba don fim aka ɗauka ba, don allon zaure aka ɗauka. Mutumin da ke zaune a zaure yana ganin dandamali gaba ɗaya da idonsa, abin da yake nema a allo shi ne fuska da yatsu. Saboda haka daraktan da ke zaɓen kyamara ya fi tsayawa kusa-kusa: bakin Plant, hannun Jimmy Page a wuyan jita, ƙafar ganga. Hoton da ke nuna mutum huɗun tare, ko jama'a, ko hasken lesa da aka yi ta magana a kansa, kaɗan ne. A irin wannan naɗi, abin da aka fi ajiyewa shi ne haɗaɗɗen hoton da darakta ya zaɓa nan take. Idan ya makara, ya nuna mai waƙa yana shan ruwa alhali mai jita na tsakiyar gwaninta, haka za a gani, don babu wata kyamarar da za a koma wa. Kyamarorin lokacin kuma masu kwalba ne, idan fitila mai ƙarfi ta bugi madubinsu sai hasken ya ja jela a hoto kamar tauraruwa mai wutsiya, wurare masu duhu kuma su cika da tsaki-tsaki. Minti hamsin na irin wannan hoto yana da daɗin kallo, awa uku da rabi kuwa sai mai haƙuri. Wannan hujja ce mai ƙarfi a hannun masu cewa a bar shi, kuma bai kamata a raina ta ba.

Tambaya ta biyu ita ce ko tef ɗin zai kunnu, kuma a nan aikin ya fi yawa. Tef ba komai ba ne illa doguwar leda siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu, aka riƙe garin da wani irin gam. Gam ɗin da kamfanoni da dama suka yi amfani da shi a shekarun 1970 yana shan laimar iska, a hankali ya ruɓe ya yi danƙo. Idan aka ɗora irin wannan tef a na'ura kai tsaye, za a ji yana ƙara kamar ƙofar da ta rasa mai, ya riƙa mannewa a ƙarafan da yake bi, garin ya goge ya toshe kan na'urar. Garin da ya goge shi ne hoton, kuma ba ya komawa. Maganinsa gashi ne: a sa tef ɗin a akwatin ɗumama na ɗakin gwaji mai riƙe zafi daidai, tsakanin digiri 50 zuwa 55, ba tandar girki ba, don ita zafinta hawa da sauka yake yi. Ƙaramin tef kan yi awowi, faffaɗa mai inci biyu kuwa kwanaki yake ɗauka kafin laimar da ke can tsakiyar naɗin ta fita. Sai a bar shi ya huce da kansa kamar kwana guda, a bi shi da injin sharewa, sannan a kwafe cikin 'yan kwanaki ko makonni, don danƙon yana dawowa. Sai an tabbatar da irin ledar kafin a gasa: tef mai ledar asitet, irin na shekarun baya, zafi lalata shi yake yi. Tef ɗin Led Zeppelin sai da aka gasa su kafin aikin DVD na 2003, wato tun a lokacin ciwon ya riga ya kama su.

Na'urar kunnawa ita ma matsala ce. Tsarin bidiyo mai inci biyu da kamfanin Ampex ya fito da shi a 1956 yana aiki ne da kai huɗu a kan wata 'yar ƙafa da ke juyawa sau 250 a daƙiƙa a tsarin Turai, tana yankar tef ɗin a gicciye, iska kuma na tsotse tef ɗin ya lanƙwasa ya rungumi ƙafar. Kowane kai yanki kaɗan na hoton yake karantawa, sai na gaba ya karɓa. Idan ɗaya ya fi sauran cinyewa, sai a ga hoton ya rabu ɗamara-ɗamara a kwance, kowace da launinta. Inda gari ya ɓantare kuma farin layi ne zai gilma, sai wata na'ura ta cike gurbin da layin da ke samansa. An daina ƙera waɗannan injina tuntuni, kawunansu suna cinyewa da aiki, masu gyara su kuma tsiraru ne, yawancinsu dattawa. Saboda haka kwafin kirki sai an yi shi da lissafi: a gwada da ɗan gajeren yanki, a daidaita kawuna, a kwafe ba tare da an matse bayanan ba, abin da ke cin kusan gigabait 100 a kowace awa, a ajiye kwafi uku a wurare daban-daban. Wannan ba shi da alaƙa da fitarwa ko rashin fitarwa. Ko da ƙungiyar ta rantse ba za ta taɓa sayar da shi ba, ya wajaba a yi wannan kwafin da kayan aikin yau, don kowace shekara tef na ƙara lalacewa, injin da zai karanta shi na ƙara ƙaranci. Ajiya ma ba tabbas ba ce: gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin faifai na Atlantic a New Jersey a 1978, da ta Universal a 2008, sun cinye naɗe-naɗen da ba su da na biyu.

Bayan kwafi sai gyaran hoto, kuma a nan ne ake ɓata abin da tsufa bai ɓata ba. Bidiyon talabijin na Turai rabin hoto 50 yake nunawa a daƙiƙa, layuka masu mara sannan masu cika. Idan aka haɗe su aka mai da su hoto 25, motsin hannun mai ganga sai ya riƙa tsalle. Daidai shi ne a mai da kowane rabi cikakken hoto, a bar su 50 ɗinsu. Siffar hoton kusan murabba'i ce, huɗu bisa uku. Idan aka yanke sama da ƙasa don ya cika faffaɗan allon zamani, kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa ya tafi, a hoton da dama kusa-kusa aka ɗauka, sai ka ga an sare kan mawaƙi ko wuyan jita. Sai kuma jarabar goge tsaki-tsaki da ƙirƙirarriyar basira. Shirin Get Back na Beatles da Peter Jackson ya fitar a 2021 ya sha yabo, amma ya sha suka kan yadda fatar mutanen ta yi sumul kamar ta 'yar tsana, kuma wannan fim ne na milimita 16 da ya fi bidiyo bayani nesa ba kusa ba. A bidiyon Earls Court, inda yatsun Page ke gudu a kan tsirkiya shida cikin rabin duhu, manhaja za ta ƙirƙiro yatsun da ba a wurin suke ba. Mai koyon jita da ya sayi faifan don ya ga inda aka danna ya yi asarar kuɗinsa.

Sauti ne ke yanke hukuncin ƙarshe, kuma shi ne babban abin da Earls Court ya fi sauran da shi. Akwai hanya uku da sautin tsohon wasa ke tsira. Ko dai wani ɗan kallo ya shiga da rakoda a ɓoye, ko an ja waya daga teburin mai haɗa sautin zaure, ko kuma an kawo motar naɗi an ɗauki kowane makirufo a layinsa a tef mai layi 16 ko 24. Na tebur yakan fito a bushe kuma a karkace, don mai haɗa sautin abin da zaure ke buƙata yake ƙarawa: jita na da ƙatuwar lasifika a bayanta, ba ya ƙara mata sosai, murya kuwa ba ta da komai sai makirufo, sai ya ɗaga ta. A tef sai ka ji murya ta danne kowa, duk wata gargada a cikinta ta fito tsirara, tafin jama'a kuma kamar daga wani gari. Naɗi mai layuka da yawa ne kaɗai ke ba da damar a sake haɗa komai daga tushe. Earls Court yana da shi, da shi injiniyan sauti Kevin Shirley ya haɗa sautin waƙoƙi shidan nan na 2003, kuma duk wanda ya kwatanta su da kwafin bayan fage ya san tazarar da ke tsakani.

Sai dai shi ma da nasa ramukan. Naɗin tef mai ƙafa 2,500 da ke gudun inci 15 a daƙiƙa minti 33 yake yi ya ƙare. Wasan awa uku da rabi na buƙatar aƙalla bakwai, kuma waƙoƙin Led Zeppelin na 1975 ba sa jiran mai canza tef: akwai wadda ke kai rabin awa ita kaɗai. Idan ba injina biyu ke karɓeɓeniya ba, dole a sami giɓi a tsakiyar waƙa. Tef ɗin bidiyo ma haka, mafi tsawo minti 90 ne. Sannan injin sauti da na bidiyo kowanne da gudunsa. Bambancin kashi ɗaya cikin dubu kacal, a awa uku da rabi, ya haura daƙiƙa 12, alhali ido na fara gane saɓani tsakanin sanda da ƙarar ganga idan ya kai hoto biyu ko uku, kowane hoto kuwa kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa ne. Saboda haka mai gyara zai bi wasan daki-daki, yana ɗaure sauti da hoto a kan bugun ganga, yana miƙa nan yana rage can. Aikin watanni ne na mutum mai kunne, kuma shi ne ke cin kuɗi fiye da gashin tef.

Idan aka sami giɓi, da me za a cike? A nan halin Page ya shigo. Shi ne furodusan ƙungiyar tun farko, kuma ya nuna sau da yawa cewa wasan da ya kamata a ce an yi yake son fitarwa, ko da ba shi aka yi ba. Fim ɗinsu na 1976 an haɗa shi ne daga dare uku na New York, kuma da aka ga hotunan ba su isa ba, sai aka gina kwaikwayon dandamalin a sutudiyon Shepperton a 1974 suka sake motsin, har John Paul Jones, mai jitar bes na ƙungiyar, ya sa gashin kanti don ya riga ya yi aski. Kundin wasanninsu na California na 1972 da ya fito a 2003 shi ma ɗinki ne na dare biyu, wani lokaci a cikin waƙa guda. A sauti ana iya ɓoye ɗinki. A bidiyo mai kyamara kusa da baki da yatsu ba a iyawa, musamman da yake masoya na riƙe da cikakken kwafi suna jiran su kwatanta. Fitar da dare guda ɗungurungum na nufin a amince da shi yadda yake: inda muryar Plant ta karye a sama, don a 1975 ba ta kai inda take kaiwa a 1971, inda yatsan Page ya zame, da kaɗaicin ganga, wato inda Bonham ke kaɗawa shi kaɗai, na sama da minti ashirin da ko a zauren wasu fita suke yi su sha iska.

Haƙƙin mai fasaha ne ya ce wannan ba ya wakiltata, kuma ƙungiyar ta taɓa amfani da shi. Wasan da ukun da suka rage suka yi a bikin kiɗan tara gudummawa na Live Aid a Philadelphia a 1985 sun hana a sa shi a DVD na bikin da ya fito a 2004, don sun ce bai kai ba, kuma duk wanda ya kalla ya san ba ƙarya suka yi ba. Rolling Stones ma sun danne wani shirinsu na Disambar 1968 har 1996. Amma hujjar kare mutunci tana aiki ne idan abin a ɓoye yake. Earls Court ba a ɓoye yake ba. Duk matashin da ya nemi ganin Led Zeppelin na 1975 a yau, abin da zai samu kwafin da ya bi ta kaset bayan kaset ne, launi ya zube, sauti a bushe, muryar Plant a tsirara. Hana fitarwa bai ɓoye karyewar muryar ba, ya dai tabbatar cewa a mafi munin siffarta ake jin ta. Page ya je kotu a Glasgow a 2007 ya ba da shaida a kan wani mai sayar da kwafin sata, amma a DVD na 2003 shi da kansa ya yi amfani da hotunan da 'yan kallo suka ɗauka da ƙananan kyamarori, da wani naɗin ɓoye na Los Angeles na 1977. Ya san darajar abin da ke hannun masoya.

Akwai batun haƙƙin mallaka, wanda masoya ba sa son ji amma shi ke tsayar da irin waɗannan ayyuka shekara da shekaru. Sai Page da Plant da Jones da magadan Bonham sun yarda, mutum ɗaya ya ƙi magana ta tsaya. Wasan haɗuwarsu na zauren O2 a Disambar 2007, da aka ɗauka da kyamarorin zamani ba tare da wata matsalar tef ba, sai 2012 ya fito. Bayan su akwai masu waƙoƙin da aka ara. Plant ya saba jefa baitin wani a tsakiyar doguwar waƙa, a 1975 har da na Joni Mitchell. A dandamali wannan ba komai ba ne, lasisin zaure ya rufe shi. A bidiyon sayarwa kuwa kowane baiti sai an nemi izinin mai shi an yi ciniki, kuma yana da ikon ƙi ko tsuga kuɗi. Ba sabon abu ba ne a yanke: sake fitar da kundin California da aka yi a 2018 ya zo babu wata waƙar aro guda da ke cikin na 2003. Ke nan ko an yi niyyar “cikakke”, lauya na iya rage shi da minti biyu.

Doka a Birtaniya da Tarayyar Turai ta ƙara wani matsin. Sautin da aka naɗa yana da kariyar shekara 50, idan aka fitar da shi a cikin wannan wa'adi sai ta koma 70 daga ranar fitarwa. Shi ya sa kamfanin Bob Dylan ya buga kwafi kusan 100 kacal na naɗe-naɗensa na 1962 a ƙarshen 2012, Beatles ma suka saki nasu na 1963 a Disambar 2013. Wannan ƙa'ida sautin da aka naɗa kawai ta shafa, haƙƙin waƙar kanta da na hoton lissafinsu daban. Masoya da dama sun sa rai cikar shekara 50 za ta tilasta wani abu. Abin da ya fito a Satumban 2025 ɗan ƙaramin kundi ne mai waƙa huɗu, biyu daga Earls Court biyu daga Knebworth, dukkansu suna cikin DVD na 2003.

Kasuwa ma ta canza. DVD na 2003, faifai biyu masu awa biyar da minti ashirin, ya fito a lokacin da kowane gida ke sayen faifai, ya yi ciniki na ban mamaki. Yau masu sayen faifai tsiraru ne, silima kuma hoto mai kyau take so, kamar yadda shirin Becoming Led Zeppelin ya samu a IMAX a 2025. Bidiyo mai layi 576 na awa uku da rabi ba zai cika silima ba. Amma akwai hanyar da wasu suka bi ta yi aiki, wato raba kaya gida biyu: na kowa da kowa, da na ma'ajiya. 'Yan ƙungiyar Grateful Dead sun fara jerin faifan tsofaffin wasanninsu mai suna Dick's Picks a 1993, suna buga gargaɗi a bayan faifan cewa naɗin yana da aibu kaza da kaza, mai so ya saya da saninsa. 'Yan ƙungiyar King Crimson ma sun buɗe kulob na sayar wa masoya irin waɗannan faifai a 1998. Ba a taɓa jin ya rage musu daraja ba, don mai sayen irin wannan faifai ya san abin da yake nema.

A kan wannan ma'auni Earls Court ya cancanci fitowa, amma da sharaɗi. A ɗauki dare guda, 24 ko 25, daga gaisuwar farko zuwa sallama, da hirar Plant tsakanin waƙoƙi, don rabin daɗin waɗannan darare a nan yake, musamman lokacin da suka jawo kujeru gaban dandamali suka zauna da jitar katako. A bar hoton a siffarsa ta huɗu bisa uku da motsinsa na 50, a gyara launi da fararen layuka, a bar jelar fitilu yadda take. A haɗa sauti daga tef mai layuka, inda ya yanke a cike da na tebur na daren, ba da na wani dare ba, kuma a rubuta a ɗan littafin faifan minti kaza zuwa minti kaza daga ina aka ɗauko. Blu-ray ya dace, ba don hoton zai ƙara kyau ba, sai don yana ɗaukar awa uku da rabi ba tare da an matse shi ba, ga sauti maras asara. Daren 25 yana da wata daraja ta daban: shi ne karo na ƙarshe da mutum huɗun suka kaɗa doguwar “Dazed and Confused” cikakkiya tare.

Seattle 1977 kuwa amsarsa ba ɗaya ba ce da wannan. Shi ma bidiyon allon zaure ne, a tsarin Amurka mai layi 525 da ya fi na Turai ƙarancin bayani, a wani ƙaton filin wasa rufaffe da aka rushe a 2000. Sautin da ke yawo da shi na tebur ne, muryar Plant a dushe take tun daga waƙar farko, Page kuma ba ya cikin ƙarfinsa. Ko waƙa guda cikakkiya ba a ɗauka daga cikinsa ba a 2003. Wannan ba kayan da za a yi wa talla a kai kasuwa ba ne, kuma ƙungiyar na da gaskiya idan ta ƙi. Abin da ya cancanta shi ne gashi da kwafi da ajiya, sannan a zaɓi abin da babu shi a wani wuri a ɗora a bayan faifan Earls Court a matsayin ƙari: zaman jitar katako, wanda ya fi sauran wasan lafiya, da kaɗaicin gangar Bonham, don a wannan daren na 17 ga Yuli ya yi shi na ƙarshe a gaban jama'a.